Wa Ke Zama a Hukumar Gudanarwar Makarantar Kuɗi, Kuma Maganar Wa Ake Ji?

Tambayar ta zo ne daga wata baiwar Allah a Kaduna. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu makarantar kuɗi mai nazare da firamare da sakandare, kuma ita 'yan uwa suka ɗora a kan kujerarsa. Hukumar gudanarwar makarantar mutum bakwai ce, duk dangi ne ko aminan marigayin, kuma ita kaɗai ce mace a cikinsu, alhali ɗaliban sun haɗa Musulmi da Kirista, Hausawa da Yarabawa da Ibo da 'yan kudancin jihar. Wata ƙungiya da suka nemi tallafin littattafai da kwamfutoci a wurinta ta ce sai sun kawo rubutacciyar manufa a kan bambancin mutane da adalci da damawa da kowa. Abin da take son sani shi ne ko wannan ba al'adar Turawa ba ce kawai, ko doka ta wajabta shi, kuma ta ina ya kamata ta fara.

Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa makarantar nan ta zame masa sadaka mai gudana. Zan amsa miki ne da abin da na gani a shekarun da na yi ina zama a hukumomin makarantu da kuma taimaka wa masu makarantu wajen rubuta ƙa'idojinsu, kuma zan fara da zargin da kika yi, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa.

Jera waɗannan kalmomi uku, wato bambancin mutane da adalci da damawa da kowa, wuri guda kamar take, daga Amurka ya samo asali, kuma tarihinsu ne ya haife shi. A 1954 Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙen fata, sai fararen jihohin kudu da yawa suka kwashe 'ya'yansu suka buɗe makarantun kuɗi domin su ci gaba da zama su kaɗai. Sai a 1976 kotun ta yanke cewa makarantar kuɗi ma ba ta da ikon ƙin karɓar yaro saboda launin fatarsa. Har yau ba su gama jayayya a kan lamarin ba, domin a watan Janairun 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin rufe ofisoshin da ke wannan aiki a ma'aikatun gwamnatin tarayya. Saboda haka idan aka miƙo miki takardar da aka kwafo daga can, mai magana a kan launin fata da rabe-raben da ba su shafi unguwarku ba, kina da hujjar ajiye ta gefe. Amma tambayar da ke ƙarƙashin takardar tamu ce tun kafin a ƙirƙiro taken: makaranta tana karɓar kuɗin mutane iri-iri, tana riƙe 'ya'yansu daga safe zuwa la'asar, to su wa suke yanke hukunci a kan waɗannan yara, kuma idan an cuci wani a cikinsu, ina iyayensa za su kai kuka? Mutumin Kaduna ba ya bukatar Ba'amurke ya gaya masa abin da ke biyo baya idan wani ɓangare ya ji an mayar da shi ɗan bora.

Kafin ki damu da su wa ke zaune a hukumar, ki fara binciken ko hukumar tana da wani iko. A mafi yawan makarantun kuɗin da na shiga, mai makaranta shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ke ɗaukar malami ya kuma kore shi, kuma sunayen 'yan hukuma an rubuta su ne kawai a takardar neman izini daga ma'aikatar ilimi. Irin wannan hukuma ko an cika ta da mata da Kiristoci da guragu da kowace ƙabila, 'yan amshin shata aka tara, kuma iyaye ba su daɗewa ba su gane ba. Ki ɗauko takardar rajistar makarantar daga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ki duba da wane matsayi mahaifinku ya yi ta. Idan sunan kasuwanci ne kawai, to a idon doka makarantar da mai ita abu ɗaya ne, kuma hukumar ba ta wuce masu ba da shawara ba. Idan kamfani ne, daraktoci ke da iko, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ƙaramin kamfani ya kasance da darakta ɗaya tak. Idan kuwa rajistar amintattu ce, dukiyar amana ce a hannunsu, ba a raba ribarta ga mambobi, kuma wannan yana shafar har lissafin gadonku, don haka ya kamata lauya da malamin da ya raba muku gado su san da shi. Ko wanne ne daga ciki, abin da nake ba da shawara shi ne masu makaranta su rubuta a fili waɗanne hukunce-hukunce ne suka sakar wa hukumar gudanarwa. Mafi ƙaranci su ne amincewa da kasafin kuɗin shekara, da ƙarin kuɗin makaranta, da naɗa shugaban makaranta ko sauke shi, da korar ɗalibi kwata-kwata. Idan 'yan uwanki ba su yarda su saki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, gara ku gaya wa ƙungiyar gaskiya cewa kwamitin shawara kuke da shi, domin wannan ya fi mutunci a kan manufar da kowa ya san ba ta aiki.

Idan an ba hukumar iko, sai a zo kan kujeru. Ba na goyon bayan a zauna a raba su da lissafin kaso, a ce wannan ta Kirista ce, wannan ta Bayarabe, domin wanda aka kawo da sunan ƙabilarsa yakan ji cewa aikinsa kare ƙabilarsa ne, sai kowane zama ya koma teburin ciniki. Abin da ya fi amfani shi ne ki tambayi kanki wane ilimi ne game da yaran nan babu mai shi a ɗakin. Mutum bakwai da suka tashi a gida ɗaya, suke salla a masallaci ɗaya, suke hawa mota zuwa aiki, za su iya zama masu gaskiya da tsoron Allah, amma akwai abubuwan da ba za su taɓa lura da su ba, kamar halin da banɗakin 'yan mata yake ciki, ko abin da ƙarin naira dubu goma a zango yake nufi ga mai sayar da kayan miya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai kin je nesa neman samfuri ba: kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma na kula da gudanar da makaranta da ake kafawa a makarantun gwamnati, an tsara shi ne da wakilcin malamai mace da namiji, da ɗalibai, da iyaye, da ƙungiyoyin mata, da masu sana'ar hannu, da malaman addini, da mai unguwa. Ko da yake a wurare da yawa kwamitin ya tsaya a takarda, tsarin kansa mai kyau ne. A makaranta irin taku zan so in ga iyali sun riƙe kujeru uku a cikin tara, iyaye su zaɓi mutum biyu da kansu, mace da namiji, malamai su zaɓi ɗaya, a kawo tsohon ɗalibi ɗaya, sannan a nemo mutum biyu daga waje waɗanda ba su ci ba su sha da makarantar, ɗaya ya san lissafin kuɗi, ɗaya ya san harkar koyarwa. Kalmar da ta fi nauyi a nan ita ce zaɓe. Wakilin iyayen da mai makaranta ya nuna da yatsa, wakilin mai makaranta ne. Idan aka bar iyaye suka yi zaɓensu a makarantar da ke da Kiristoci da yawa, da wuya a rasa Kirista a hukumar, idan kuma aka rasa, sai ku cike giɓin ta kujerun waje. A kuma sa wa'adi, misali shekara uku sau biyu, domin aminan marigayi su sauka cikin girma ba tare da an ce an kore su ba. Wannan shi ne wuri mafi wuya a gare ki, na sani, tunda wasunsu iyaye ne a wurinki. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a ba su matsayin iyayen makaranta, a riƙa gayyatarsu bikin yaye ɗalibai ana neman albarkarsu, ƙuri'a kuma ta koma hannun sababbi.

Akwai wani abu ƙarami da yake rusa duk wannan gini, shi ne lokaci da wuri da harshen zama. Na taɓa zama a wata hukuma da aka yi alfahari an sa mata biyu a ciki, amma ana yin taron ne bayan sallar isha'i a falon mai makaranta, inda maza ke kan kujeru ana shan shayi. Ɗaya daga cikin matan sau ɗaya ta zo, ta zauna a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba har aka tashi, ɗayar kuwa mijinta bai yarda da fitar dare ba. A ƙarshen shekara sai aka ce ai an gwada mata ba su da sha'awa. Da aka mayar da zaman ranar Asabar da hantsi a ɗakin karatu na makaranta, aka riƙa aika ajanda da takardar kuɗi mako guda kafin ranar, aka kuma yarda kowa ya yi magana da Hausa ko Turanci, matar nan da ta zauna a bakin ƙofa ita ta gano cewa kuɗin da ake karɓa na motar ɗalibai ya fi abin da ake kashewa nesa ba kusa ba, domin ita 'yar kasuwa ce, lissafi a kanta yake. A naku yanayin ki kiyaye Juma'a da rana da Lahadi da safe, a zaman hukuma da taron iyaye da jarrabawa baki ɗaya.

A ɓangaren doka, batun addini shi ne wanda ya fi saurin kunna wuta, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya yi magana a kansa kai tsaye. Sashe na 38 ya ce duk wanda yake halartar wani wurin karatu ba za a tilasta masa karɓar darasin addini ko shiga ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, kuma lafazin bai ware makarantar gwamnati daga ta kuɗi ba. Sashen dai ya ƙara da cewa ba za a hana wata al'ummar addini koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyinta ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce Islamiyya tana da 'yancin zama Islamiyya, makarantar mishan ma haka, kuma damawa da kowa ba ta nufin makaranta ta goge kamanninta. Abin da ba shi da kyau shi ne a yi tallar makaranta a matsayin ta kowa, a karɓi kuɗin kowa, sannan yaro ya tarar a taron safe dole ya yi addu'ar da ba tasa ba. Sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko jinsi ko addini ko asalin gari, lafazinsa ya fi karkata ga dokoki da ayyukan gwamnati, haka ma hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yunin 2022 da ya tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi, a kan makarantun gwamnatin jihar Legas aka yi shi. Amma kada wannan ya sa ki saki jiki. Ki tuna abin da ya faru a Ilori a farkon 2021, lokacin da gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 saboda rikicin hijabi. Makarantun mishan ne suka kafa su, gwamnati ke tallafa musu, kuma tushen rigimar shi ne ba a taɓa daidaitawa a kan wa ke da ikon yanke hukuncin tufafi ba, sai da rai ya ɓaci aka fara neman amsa. Hukumarku ta zauna tun ana zaman lafiya ta rubuta matsayinta a kan tufafi, da addu'ar safe, da wurin salla, da malamin darasin addinin Musulunci da na Kirista, a sa shi a takardar shiga makaranta, uba ya karanta kafin ya biya ko kwabo.

Masu bukata ta musamman kuwa dokarsu ta fi fitowa fili. Dokar hana nuna musu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta hana kowane mutum ko hukuma yin haka, ta sa tarar naira miliyan 1 a kan kamfani ko ƙungiya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 a kan mutum, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Jihohi da dama sun yi nasu dokokin. Masu makarantu sukan firgita da jin wannan, suna hango lif da na'urori masu tsada, alhali yawancin abin da ake bukata shawara ce kawai. Na san wata yarinya mai keken guragu da ta gama aji ɗaya na ƙaramar sakandare lafiya, da aka koma hutu sai ta tarar ajinsu na biyu yana saman bene. Mako biyu 'yan ajinsu suna ɗaukarta da keken suna hawa da ita, har ta ce wa mahaifiyarta ta fasa karatun. Maganin bai ci ko sisi ba: aka sauko da ajin ƙasa, aka mayar da wani sama. Abin da ya hana a yi haka tun farko shi ne babu wanda aikinsa ne ya yi tambayar. Haka yaro mai sikila da ake sa shi tsallen kwaɗo a sanyin hunturu don ya makara, da zabiya da aka ajiye a bencin baya alhali ba ya hango allo. Sai dai in gargaɗe ki da kishiyar wannan: kada ku karɓi kurma ko makaho alhali ba ku da malamin da ya iya maganar hannu ko rubutun makafi, ku ci kuɗin iyayensa yana zaune ba ya koyon komai. Faɗin abin da ba za ku iya ba tukuna, tare da nuna wa iyaye inda za su samu, shi ma adalci ne.

A nan ne bambancin daidaito da adalci yake bayyana, kuma kuɗi ne ma'auninsa. Makarantar kuɗi tun daga ƙofa tana tace mutane, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Indiya ta tunkari matsalar da doka a 2009, inda ta wajabta wa makarantun kuɗi ware kashi 25 cikin ɗari na guraben ajin farko ga 'ya'yan marasa ƙarfi, gwamnati tana biyansu. Mu ba mu da irin wannan, saboda haka abin yana wuyan hukumarku. Kusan kowane mai makaranta da na sani yana ɗauke wa wasu yara kuɗi, kuma ina kyautata zaton mahaifinku ma yana yi, amma yawanci alheri ne na baka: wanda ya san hanyar falon Alhaji ya samu, marainiyar da uwarta ke jin kunyar roƙo ta rasa. Ku mayar da shi tsari. A yanke adadin guraben a kasafin kuɗi, a rubuta sharuɗɗa, mutum uku su tantance, a kuma rufa wa yaran asiri, domin yaron da duk aji ya san kyauta yake karatu yana biya da wani abin da ya fi kuɗi ciwo. Haka nan al'adar kiran sunayen waɗanda ba su biya ba a gaban taron safe a kora su gida. Bashin na uba ne, a yi magana da uba. Makaranta tana da haƙƙin karɓar kuɗinta, har ta ƙi karɓar yaro a sabon zango, amma hukumar ce ya kamata ta tsara matakan, kada a bar wa akanta da mai gadi.

Malamai su ne ɓangaren da ake mantawa. Hukumar ta nemi jadawalin albashi ta duba ko mutum biyu masu takarda ɗaya da shekarun aiki ɗaya suna karɓar abu ɗaya, ko kuwa ɗan uwa yana gaba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, kuma dokar ta ɗauke wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma makaranta mai sassa uku da wuya ta shiga wannan rangwamen. Ma'aunin dokar ƙwadago a kan hutun haihuwa mako 12 ne da aƙalla rabin albashi, ga wadda ta yi wata 6 tana aiki, kuma na sha ganin malamar da ta je haihuwa ta dawo ta tarar an ba wata ajinta. A riƙa tallata gurbin aiki a fili, musamman na shugabannin sassa, domin ɗalibi yana kallon su wa ake ba girma a makarantarsu.

Game da takardar da ƙungiyar ta nema, kada ki biya wani ya rubuto miki shafi ashirin. Shafi biyu sun isa, matuƙar kowane layi yana da mai alhakinsa da lokacinsa: yadda ake zaɓen 'yan hukuma da wa'adinsu, matsayin makaranta a kan addini da tufafi, yadda ake karɓar masu bukata ta musamman, tsarin tallafin karatu, da hanyar kai ƙara. Wannan na ƙarshe ki ba shi kulawa sosai. Dole a sami hanyar da uwa ko malami ko ɗaliba za su kai kuka ba ta hannun wanda suke ƙara ba, kuma a cikin masu karɓar ƙarar a sami mace, domin akwai maganar da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Duk ɗan hukumar da magana ta shafi ɗansa ko ɗan uwansa ko kwangilarsa ya fita daga ɗakin har a gama, kuma wannan ya haɗa da ke.

A zamanku na gaba, kafin a taɓa maganar kujeru, ki roƙi shugaban makaranta ya kawo alƙaluma huɗu daga rajistar shekara uku da suka wuce: yara nawa suka bar makarantar kuma me ya fitar da su, su wa aka dakatar ko aka kora, mata nawa suka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare kuma nawa daga cikinsu suka kai ga rubuta WAEC ko NECO, sannan su wa aka ɗauke wa kuɗin makaranta kuma wa ya kawo sunansu. Ki raba wa kowa kwafi, har da kawunnanki, ki bar su su karanta da kansu kafin ki ce komai.